Ɓoye Jirgi da Ɓoye Mutum: Nazari a kan Kamun Sojojin Jirgin Nutso na Jamus, U-505, a Shekarar 1944

Tsakure

Ranar 4 ga Yunin 1944 rundunar sojojin ruwan Amurka ta kama jirgin yaƙi mai nutso na Jamus, U-505, daura da gaɓar yammacin Afirka, tare da mutum 58 daga cikin sojojinsa. Don kada Jamus ta gane cewa littattafan sirrinta sun faɗa hannun abokan gaba, sai aka killace mutanen, aka hana su rubuta wasiƙa, aka ƙi miƙa sunayensu, aka kuma hana wakilan ƙungiyar agaji ta Red Cross ganinsu har yaƙi ya ƙare a Turai. Wannan maƙala ta bi diddigin lamarin, ta auna shi da Yarjejeniyar Geneva ta 1929, sannan ta kwatanta shi da abin da ya faru da jiragen U-110 da U-515. Matsayarta ita ce, ɓoye jirgin dabarar yaƙi ce da doka ta amince da ita, ɓoye mutanen kuwa saɓa alkawari ne. Larurar da aka fake da ita ta isa ta halatta jinkiri na ɗan lokaci, amma ba ta kai ta halatta danne sunan fursuna har kusan shekara guda ba.

1.0 Gabatarwa

A Yaƙin Duniya na Biyu babu rundunar da mutuwa ta yi wa ɗibar karan mahaukaciya kamar rundunar jiragen nutso ta Jamus. Daga cikin kimanin mutum 40,000 da suka fita teku a waɗannan jirage, kusan kashi uku cikin huɗu ba su koma gida ba. Jirgin nutso idan bam ya fasa shi yana cikin zurfi, da shi da mutanensa ake yin asara gaba ɗaya. Wanda ya samu ya taso saman ruwa kuwa, umarnin da ke kan kwamandansa shi ne ya fitar da mutanensa, ya buɗe wa jirgin kafofin ruwa, ya tabbata ya nitse kafin abokan gaba su iso. Saboda haka kama sojojin jirgin nutso abu ne da ya riƙa faruwa jefi-jefi, amma a kama su tare da jirginsu da takardunsa abu ne da bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. A irin wannan kamu ne ake samun karo tsakanin abubuwa biyu da ƙasa mai yaƙi take buƙata: sirrin da ta samu a cikin jirgin, wanda ba shi da amfani sai idan abokin gaba bai san an same shi ba, da kuma haƙƙin mutanen da ta kama, wanda ba ya tabbata sai an sanar da cewa suna hannunta.

Labarin U-505 ya shahara a Amurka a matsayin labarin jarumta. Jirgin yana ajiye a gidan adana kayan kimiyya da masana'antu na birnin Chicago tun 1954, ana kuma tuna shi da cewa shi ne jirgin yaƙin abokan gaba na farko da sojojin ruwan Amurka suka kama a tsakiyar teku tun 1815. Jarumtar waɗanda suka shiga cikinsa yana shan ruwa ba abin musu ba ce. Tambayar da wannan maƙala ta ɗauko ta shafi abin da ya biyo bayan jarumtar: shin ƙasar da ta sa hannu a kan yarjejeniyar kare fursunonin yaƙi tana da ikon jingine ta a duk lokacin da ta ga sirrinta yana cikin haɗari?

2.0 Yadda aka yi kamun

An ƙera U-505 a Hamburg, ya fara aiki a watan Agustan 1941, kuma jimillar jiragen da ya nutsar takwas ne, wasunsu a kusa da Freetown ta ƙasar Saliyo a 1942. Wannan hanya ta gaɓar yammacin Afirka ita ce jiragen Birtaniya suke bi da gyaɗa da kuza da manja daga Legas da Takoradi, shi ya sa Jamus ba ta daina tura jiragen nutso wurin ba. Jirgin ya yi suna da rashin sa'a. Kwamandansa na biyu, Peter Zschech, ya harbe kansa a cikin jirgin a watan Oktoban 1943 ana tsakar yi musu ruwan bama-bamai. Wanda ya gaje shi, Harald Lange, shi ya fita da jirgin daga Faransa a watan Maris na 1944 zuwa ruwan yammacin Afirka, ya yi makonni bai nutsar da ko da jirgi ɗaya ba, ya juyo zai koma gida.

A can ɓangaren kuma akwai ayarin farauta na Amurka ƙarƙashin Kyaftin Daniel Gallery, wanda ya ƙunshi jirgi mai ɗaukar jiragen sama, Guadalcanal, da jiragen rakiya biyar: Pillsbury da Pope da Flaherty da Chatelain da Jenks. A watan Afrilun wannan shekara ayarin ya tilasta wa U-515 tasowa saman ruwa ya nutsar da shi, kuma a nan ne Gallery ya lura cewa jirgin ya ɗauki mintuna yana bisa ruwa kafin ya tafi ƙasa. Sai ya umarci kowane jirgi a ayarinsa ya tanadi tawagar da za ta yi tsalle ta shiga jirgin nutso idan dama ta sake samuwa. Ke nan kamun U-505 abu ne da aka shirya masa tun kafin a bar tashar Norfolk a watan Mayu. Wannan batu yana da muhimmanci ga hujjar da za a kafa a gaba.

Ranar Lahadi 4 ga Yuni, kimanin mil 150 daga gaɓar Rio de Oro, wato yankin Yammacin Sahara a yau, na'urar sauraren Chatelain ta ji motsin jirgin. Bama-baman zurfin ruwa da aka jefa masa suka lalata sitiyarinsa, fitilu suka mutu, ruwa ya fara shiga. Lange ya taso da shi, ya fito saman jirgin, harsasai suka same shi, raunin da daga baya ya sa aka yanke masa ƙafa. Sojojinsa suka riƙa faɗawa teku cikin gaggawa, har ba su tsaya sun kammala aikin nutsar da jirgin ba. Abin da suka samu yi shi ne cire murfin wani bututu da ruwan teku ke bi. Jirgin ya ci gaba da kewayawa shi kaɗai, injinsa na aiki, bayansa ya riga ya nitse. A haka wata ƙaramar tawaga daga Pillsbury ƙarƙashin Laftanar Albert David ta cim masa a kwalekwale, ta sauka ta ƙofar sama zuwa cikin duhu, ba tare da sanin ko akwai mai jiran su da bindiga ko nakiya na gab da tashi ba. Wani makaniki mai suna Zenon Lukosius ya ga ruwa na kwarara, ya lalubo murfin a nan kusa inda aka yar da shi, ya mayar ya ɗaure. Sauran suka kwashi littattafai da taswirori da na'urorin rubutun sirri na Enigma suna miƙawa sama. Bajamushe ɗaya ne ya mutu, aka tsamo 58 daga ruwa. Tashar da ta fi kusa ita ce Dakar, amma aka hana Gallery zuwa can saboda tsoron idon 'yan leƙen asiri, aka ce ya ja jirgin zuwa tsibirin Bermuda, inda ya isa ranar 19 ga Yuni. A can aka sake masa fenti, aka laƙaba masa suna Nemo.

Fursunonin kuwa, bayan zaman Bermuda, an kai su sansanin Ruston a arewacin jihar Louisiana, aka ware musu shinge nasu su kaɗai. Ba sa cuɗanya da sauran fursunonin Jamus, wasiƙarsu ba ta fita, sunayensu ba su shiga jerin da ake aika wa Geneva ba. Ɗaya daga cikinsu, Hans Goebeler, ya ba da labarin yadda suka riƙa hura ledoji da iskar da suka haɗa daga sinadaran wanke-wanke, su liƙa musu alamar jirginsu, su sake su ta saman waya ko Allah zai sa wani ya tsinta. Babu wanda ya kai labari. Rundunar ruwan Jamus ta sanar da iyalansu cewa a ɗauke su a matsayin matattu. Sai bayan Jamus ta miƙa wuya a watan Mayun 1945 aka bayyana kamun, kuma na ƙarshensu bai taka ƙasarsu ba sai a 1947.

3.0 Abin da doka ta tanada

Amurka da Jamus duka sun amince da Yarjejeniyar Geneva ta 1929 kan fursunonin yaƙi, Amurka a 1932, Jamus a 1934. Waɗanda suka tsara ta ba su jahilci yaƙin teku ba. Sashe na 1 ya yarda cewa wanda aka kama a teku ko a sararin sama, yanayin kamun zai iya hana a cika masa wasu sharuɗɗa nan take, amma ya gindaya iyaka biyu: kada sassaucin ya taɓa ginshiƙan yarjejeniyar, kuma ya ƙare da zarar fursuna ya isa sansani. Sashe na 8 ya wajabta wa ɓangarorin da ke yaƙi sanar da juna duk wanda suka kama ba tare da ɓata lokaci ba. Sashe na 36 ya ba fursuna damar aika wa iyalinsa kati cikin mako ɗaya da isarsa sansani, ya shaida musu an kama shi da halin lafiyarsa. Sashe na 86 ya ba wakilan ƙasar da ke kula da muradun fursunoni, wadda a nan ita ce Suwizalan, izinin shiga duk inda ake tsare da su ba tare da togiya ba. Sashe na 40 kuma ya yarda a tace wasiƙu, ya yarda a dakatar da su saboda dalilin soja, da sharaɗin dakatarwar ta zama ta wucin gadi kuma ta gajarta iya gwargwado.

Idan aka ɗora lamarin U-505 a kan wannan ma'auni, kwanaki goma sha biyar na jan jirgi a teku ba su da laifi, domin Sashe na 1 ya rufe su. Za a iya yi wa zaman Bermuda uzuri a ce zango ne a kan hanya. Dakatar da wasiƙu na wasu makonni ma yana da madogara a Sashe na 40, musamman da yake kwana biyu kacal bayan kamun ne Ƙasashen Ƙawance suka sauka a Normandy. Daga ranar da mutanen suka shiga Ruston kuwa uzurin ya ƙare bisa lafazin yarjejeniyar kanta. Babu sashen da ya ba da izinin riƙe sunan fursuna har ƙarshen yaƙi. A game da jirgin da takardunsa kuwa yarjejeniyar ba ta ɗora wa Amurka komai ba. Ganimar yaƙi ce, tana iya ɓoye ta, ta sauya mata suna, ta bar Jamus ta zaci tana ƙasan teku. Doka ta raba tsakanin kaya da mutum, hukumomin sojan ruwa kuma suka haɗa su a ma'aji ɗaya.

4.0 Larurar da aka kafa hujja da ita

Adalci ne a faɗi dalilin Amurka da dukkan ƙarfinsa. Jiragen nutson Jamus suna karɓar umarni ta rediyo cikin rubutun sirri na na'urar Enigma, masana a Bletchley Park ta Ingila kuma suna kwance shi, daga baya na Washington suka shigo da nasu injinan. Kowa ya ga abin da rashin wannan karatu yake jawowa. A ranar 1 ga Fabrairun 1942 Jamus ta ƙara wa na'urar jiragen nutso faifai na huɗu, Bletchley ta makance har wata goma, kuma a wannan shekara jiragen nutso suka nutsar da jiragen kaya da nauyinsu ya haura tan miliyan 6. Idon bai sake buɗewa ba sai a watan Disamba, da taimakon littattafan da aka ciro daga U-559 a Bahar Rum ranar 30 ga Oktoba, aikin da ya ci ran sojojin Birtaniya biyu, Tony Fasson da Colin Grazier, waɗanda jirgin ya nitse da su. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi wasa da yiwuwar shugaban rundunar ruwan Jamus, Admiral Karl Dönitz, ya ji cewa an kama jirginsa da na'ura da littattafai ba, ballantana a makon da dubban jirage ke tsallaka mashigin Ingila da sojoji.

Sai dai akwai abin da ake tsallakewa a nan. A watan Yunin 1944 Ƙasashen Ƙawance suna karanta saƙonnin jiragen nutso a kai a kai, har ma da irin wannan bayani aka nuna wa Gallery yankin da zai yi farauta. Yaƙin Atlantika ya riga ya juya tun watan Mayun 1943, lokacin da Jamus ta yi asarar jiragen nutso sama da 40 a wata ɗaya. An amfana da U-505: an samu mabuɗan sirri na wannan lokaci, da littafin da ke ɓad da sunayen wurare a taswirar teku, da makaman topido masu bin ƙarar injin jirgi. Amma ribar ƙari ce a kan abin da ake da shi, haɗarin kuwa ya shafi jarin gaba ɗaya. Shi ya sa babban hafsan sojojin ruwan Amurka, Admiral Ernest King, ya fusata da jin labarin har ya yi tunanin gurfanar da Gallery a kotun soja. Wannan fushi shaida ce daga cikin gida cewa larurar ba daga Jamus ta zo ba. Jami'in Amurka ne ya jawo ta, da shirin da ya tsara wa kama jirgi bai tsara wa mutanen da za su ga an kama shi ba. Malaman fiƙihu suna da ƙa'idar da ta dace da wannan wuri: larura tana halatta abin da aka hana, amma gwargwadonta ake ɗauka. Wanda kuma ya jefa kansa cikin larura da hannunsa, hujjarsa ta yi rauni idan ya ce wani ne zai biya kuɗinta. Waɗanda suka biya a nan su ne iyaye da matan aure da suka yi zaman makokin mutanen da ke raye.

5.0 Darasin U-110 da U-515

Misalai biyu sun nuna cewa ɓoye jirgi ba ya tilasta ɓoye mutum. Na farko shi ne U-110, wanda jiragen Birtaniya suka tilasta wa tasowa ranar 9 ga Mayun 1941 a arewacin Atlantika. Kwamandan jirgin Bulldog, Joe Baker-Cresswell, ya fasa banke shi, aka tsamo waɗanda suka tsira aka yi maza aka shigar da su cikin jirgi inda ba sa ganin waje, sannan aka tura David Balme da tawagarsa suka kwaso na'urar Enigma da littattafai. Jirgin ya nitse washegari ana jan sa. Fursunonin suka tafi sansani da yaƙinin cewa jirginsu ya tafi ƙasa da sirrinsa, Jamus ma haka ta ɗauka, kuma gaskiyar ba ta fito fili ba sai a ƙarshen shekarun 1950. Birtaniya ta tsare sirrin ta hanyar tsare abin da fursunoni suka gani. Shekara uku ke nan kafin U-505, darasin yana nan ga mai son ɗauka.

Misali na biyu yana amsa masu cewa fitar da sunaye 58 kaɗai ya isa ya tona asiri, wai Dönitz zai ce in kusan kowa ya tsira to jirgin bai nitse ba. Ayarin Gallery ɗin nan ne ya tsamo mutum 44 daga U-515 a watan Afrilu, har da kwamandansa Werner Henke, jirgin kuma ya nitse. Tsirar mafi yawan sojojin jirgi ita ce alamar da aka saba gani idan an taso saman ruwa an nutsar da jirgi bisa umarni. Jerin sunaye da ke cewa wane yana raye, wane ya ji rauni, ba ya faɗin inda jirgi yake. Hasali ma tarihi ya nuna cewa rundunar ruwan Jamus ta sha binciken ko an karya sirrin Enigma, kowane karo kuma ta wanke na'urarta ta ɗora laifin a kan 'yan leƙen asiri ko na'urar hangen jirage.

6.0 Amsa ga wasu suka

Suka ta farko, wadda ta fi kowace nauyi, ita ce mutanen U-505 sun san an kama jirginsu, ba kamar na U-110 ba. Jami'an jiragen nutso an koya musu saka saƙon ɓoye a cikin wasiƙar gida, kuma wakilin Suwizalan yana da damar ganawa da fursuna ba tare da mai saurare ba. Kalma ɗaya ta isa. Wannan gaskiya ne, kuma a kan batun ziyara doka da sirri sun yi karo na haƙiƙa. Amma haƙƙoƙin da aka danne ba nauyinsu ɗaya ba. Ware su daga sauran fursunoni yana da hujja, har ma don kare rayuka, domin a watan Maris na 1944 fursunoni suka kashe Werner Drechsler na U-118 a sansanin Papago Park bisa zargin ya yi wa Amurkawa aiki. Wasiƙar da fursuna ya rubuta da kalmominsa ana iya jinkirta ta. Miƙa suna ga Geneva kuwa aikin hukumar da ta kama ne, fursuna ba ya sa masa hannu, babu inda zai cusa saƙo. Ƙasar da ke auna larura gwargwadonta za ta riƙe mai haɗarin ta saki marar haɗarin. Amurka ta riƙe duka, har tsawon wata goma sha ɗaya.

Suka ta biyu ita ce Jamus ta aikata abin da ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. Fursunonin Tarayyar Sobiyet kimanin miliyan 3 sun mutu a hannunta, kuma a watan Oktoban 1942 Hitler ya ba da umarnin kashe sojojin kundumbala da aka kama. A teku ma kwamandan U-852, Heinz Eck, ya buɗe wa waɗanda suka tsira daga jirgin Peleus wuta a 1944, aka kuma kashe shi bisa hukuncin kotu a 1945. Babu mai hankalin da zai daidaita Ruston da waɗannan. Sai dai Sashe na 2 na yarjejeniyar ya haramta ramuwar gayya a kan fursuna, don haka laifin gwamnatinsa ba ya rage masa haƙƙi. Akwai kuma lissafin maslaha. Amurkawa sama da 90,000 ne suka shiga hannun Jamus a wannan yaƙi, kuma abin da ke kare su shi ne jerin sunayen nan da ke ratsawa ta Geneva, domin wanda aka rubuta sunansa dole a ba da bayaninsa. An ga yadda ramuwa ke saurin kamawa a 1942, lokacin da Jamus ta sa wa fursunonin Birtaniya da Kanada ankwa bayan farmakin Dieppe da na tsibirin Sark, Birtaniya ta rama, aka shafe fiye da shekara kafin Jamus ta cire. Da asirin Ruston ya tonu ana cikin yaƙi, da an miƙa wa Berlin hujjar ɓoye nata fursunonin.

Suka ta uku ita ce ba a cuce su ba: sun ci sun sha, an yi wa masu rauni magani, sun koma gida da rai, alhali mafi yawan takwarorinsu suna ƙasan teku. Wannan ma gaskiya ne, kuma ya kamata a rubuta wa Amurka shi. Amma kyakkyawar mu'amala da ba mai sa ido a kanta kyauta ce daga mai tsaro, ana iya janye ta gobe. Dalilin da ya sa aka wajabta sanarwa da ziyara shi ne kada lafiyar fursuna ta rataya ga halin kirkin wanda ya kama shi kaɗai. Mutumin da ƙasarsa ta rubuta shi cikin matattu, wanda ya kama shi kuma bai rubuta shi cikin rayayyu ba, duk abin da ya same shi babu mai tambaya. Sa'ar da mutanen U-505 suka yi ba ta mayar da tsarin ya zama mai kyau ba. Cutar da aka yi wa iyalansu kuwa ta auku ko da ba a taɓa jikin kowa ba.

Suka ta huɗu tana cewa sakamako ya wanke matakin, tunda sirrin ya tsaru. Abin da ya tsare shi ya haɗa da bakin sojojin Amurka kusan 3,000 na ayarin, waɗanda suka ga komai da idonsu suka yi shiru bisa umarni, ba a kulle ko ɗaya ba. Ba za a iya nuna cewa danne sunayen ne ya hana Dönitz ganewa ba, tunda U-110 da U-559 sun tsaru ba tare da irin wannan ba. Ƙa'idar da za a iya jingine ta duk lokacin da mai ƙarfi ya ga dama, a kuma yanke hukunci daga baya bisa yadda abu ya kaya, ta daina zama kariya ga kowa.

7.0 Kammalawa

Ƙasashen da suka sake zama a Geneva a 1949, Amurka na cikinsu, sun ƙara ɗaure wuraren da yaƙin ya nuna sun yi sako-sako. Yarjejeniya ta uku ta wannan shekara ta tanadi a Sashe na 70 cewa fursuna zai aika katin kamu ga iyalinsa da kuma babbar cibiyar tattara bayanai cikin mako ɗaya da isarsa sansani, ko da sansanin na wucin gadi ne, wanda hakan ya toshe kafar fakewa da zango. Sashe na 126 ya ba wakilan Red Cross haƙƙin ziyara daidai da na ƙasa mai kula da muradu, ya kuma ce ba a hana ziyara sai da larurar soja mai tsanani, a matsayin togiya ta ɗan lokaci. Ba lamarin U-505 kaɗai ya jawo waɗannan gyare-gyare ba, amma sun faɗa daidai kan gurbin da ya bari: an bar wa larura ƙofa a kan ziyara, ba a bar mata a kan suna ba.

Hukuncin wannan maƙala shi ne, Albert David da tawagarsa sun cancanci lambobin yabon da aka ba su, ɓoye jirgin a Bermuda halal ne a dokar yaƙi, jinkirin makonnin farko kuma yana da uzuri. Riƙe sunayen mutum 58 daga lokacin da suka isa Ruston har zuwa Mayun 1945 saɓa Yarjejeniyar 1929 ne, kuma ya kamata littattafan tarihi su kira shi da sunansa. Ana kira ga masu koyar da dokar yaƙi a jami'o'i da makarantun horar da hafsoshi su riƙa kawo wannan misali, saboda wadda ta yi saɓon ƙasa ce da ke da dalili mai ƙarfi, tana kuma yaƙar gwamnatin zalunci, duk da haka dalilin bai ba ta ikon ɓatar da mutum ba. Duk rundunar da ke shirin kama abokin gaba, wajibi ne shirinta ya haɗa da rubuta sunansa da sanar da iyalinsa cewa yana raye.